Nana Asma'u 'Yar Shehu (1793-1864) da Gidan Karatun 'Yan Taru a Sakkwato

1.0 Gabatarwa

A cikin tsohon birnin Sakkwato akwai wurare biyu waɗanda tarihin ilimin mata a ƙasar Hausa ba ya cika sai an ambace su. Na farko shi ne Hubbaren Shehu, inda aka binne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da wasu daga cikin iyalansa. Na biyu shi ne unguwar Giɗaɗawa, wadda ta samo sunanta daga Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, kuma a nan ne zuriyarsa suka ci gaba da zama. Abin da ya haɗa wuraren nan biyu shi ne rayuwar Nana Asma'u, 'yar Shehu kuma matar Giɗaɗo. A gidan mijinta ta yi zaman aure da rubuce-rubuce da karantarwa, a Hubbare kuma aka binne ta.

Wannan babi ya kawo tarihin Nana Asma'u tun daga haihuwarta har zuwa rasuwarta. An yi bayanin karatunta da ayyukanta na adabi, da tsarin karantar da mata da ta kafa wanda aka sani da 'Yan Taru. Daga nan aka dubi matsayin gidan da matan suke taruwa a cikinsa, da dalilan da suka sa kiyaye irin wannan wuri ya zama nauyi a kan masu ilimi, musamman malaman Hausa.

2.0 Haihuwarta da Nasabarta

An haifi Nana Asma'u a Degel, cikin ƙasar Gobir, a shekarar 1793. Mahaifinta shi ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, mahaifiyarta kuwa Maimuna, wadda 'yar uwa ce ga Shehu. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan uwanta Hassan. Bisa al'ada da an sa mata suna Husaina, amma mahaifinta ya zaɓa mata sunan Asma'u, sunan 'yar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, saboda haka ta tashi a hannun sauran matan Shehu, musamman A'ishatu da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello. Wannan reno ya ƙara kusanci tsakaninta da Bello, kusancin da ya ɗore har ƙarshen rayuwarsa.

Gidan da ta tashi a cikinsa gidan malanta ne tun kaka da kakanni, kuma ba a keɓe karatu ga maza kaɗai ba. Shehu kansa ya soki malaman zamaninsa a littafinsa Nurul Albab saboda suna karantar da almajirai a waje, suna barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. Yayarta Khadija da sauran 'yan uwanta mata kamar Faɗima da Maryam duk sun yi karatu mai zurfi. Don haka fitowar malama daga wannan gida ba abin mamaki ba ne. Abin da ya bambanta Asma'u shi ne yadda ta fitar da ilimin daga cikin gida ta kai shi ga matan karkara.

3.0 Ƙuruciyarta a Zamanin Jihadi

Asma'u tana da kimanin shekara 11 lokacin da Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804, bayan dangantaka ta lalace tsakaninsu da Sarkin Gobir Yunfa. A watan Yuni na shekarar aka gwabza yaƙin Tabkin Kwatto. Shekarun da suka biyo baya shekaru ne na ƙaura daga sansani zuwa sansani, da yunwa da cuta da asarar rayuka, musamman a yaƙin Tsuntsuwa na ƙarshen 1804 da na Alwasa a 1805. Jama'a ta samu wurin zama a Gwandu, sannan aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, a 1808.

A cikin wannan hali ne ta ci gaba da karatu. Ta haddace Alƙur'ani, ta karanci fiƙihu da tauhidi da tasawwufi bisa tafarkin Ƙadiriyya. Ta iya Larabci da Fulatanci da Hausa har tana rubutu da su, tana kuma jin harshen Buzaye. Wani abin lura ga wannan babi shi ne littattafan Shehu ba a bar su a Degel ba. An ɗauke su a kan dabbobi ana yawo da su a duk tsawon hijira. Yarinyar da ta ga an bar gidaje da gonaki amma an riƙe littattafai, ita ce daga baya ta zama ɗaya daga cikin masu kula da waɗannan littattafai.

4.0 Aurenta da Zamanta a Sakkwato

An yi wa Asma'u aure da Giɗaɗo ɗan Laima a 1807. Giɗaɗo malami ne, kuma amini ne ga Muhammadu Bello. A 1809 Bello ya kafa birnin Sakkwato. Shehu ya zauna a Sifawa, sannan ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a can a watan Afrilu na 1817. Da Bello ya zama Sarkin Musulmi sai Giɗaɗo ya zama Wazirinsa.

Gidan Waziri wuri ne da wasiƙun masarautu suke shiga suna fita, kuma masaukin malamai da baƙi. Baturen nan ɗan Birtaniya, Hugh Clapperton, da ya zo Sakkwato a 1824 ya kuma dawo a 1826, a hannun Giɗaɗo ya sauka. A cikin wannan gida Asma'u ta yi renon 'ya'yanta, ciki har da Abdulƙadir wanda ya gaji mahaifinsa a sarautar Waziri. Ta kuma yi zama a Wurno, ribaɗin da Bello ya gina ya mayar da shi mazauninsa.

Bayan rasuwar Bello a 1837, ita da mijinta sun duƙufa wajen tattara ayyukan Shehu da na Bello da rubuta tarihinsu, don kada abin ya ɓace tare da waɗanda suka gani da idonsu. Giɗaɗo ya rubuta Raudul Jinan a kan rayuwar Shehu. Asma'u kuma ta tsara tarihin hijira da jihadi a waƙe da Fulatanci, waƙar da ƙanenta Isa ya mayar Hausa daga baya, aka san ta da suna Waƙar Gewaye. Ta ga zamanin Sarakunan Musulmi huɗu bayan mahaifinta: Muhammadu Bello, da Abubakar Atiku, da Aliyu Babba, da Ahmadu ɗan Atiku. Sunanta ya kai nesa har malamai daga ƙasar Shinƙiɗi, wato Muritaniya ta yau, suna musayar wasiƙu da ita.

5.0 Rubuce-rubucenta

Ayyukan Nana Asma'u da suka iso wannan zamani sun haura 60, mafi yawansu waƙoƙi. Na farko da aka sani shi ne Tanbihul Gafilina, zube ne na Larabci wanda ta rubuta a 1820. Ana iya karkasa sauran zuwa rukunai kamar haka:

(a) Waƙoƙin koyarwa da wa'azi, kamar Goɗaben Gaskiya da Dalilin Samuwar Allah, da wata waƙa da ta jero sunayen surorin Alƙur'ani 114 don sauƙaƙa haddace su.

(b) Waƙoƙin begen Annabi (SAW), kamar Kiran Ahmada.

(c) Waƙoƙin tarihi, kamar wadda aka ambata a sama, da wadda ta yi a kan yaƙin Gawakuke na 1836.

(d) Marsiyyoyi, wato waƙoƙin alhini, waɗanda ta yi wa Bello da mijinta da 'yan uwanta, har da talakawan mata irin maƙwabciyarta Halima.

(e) Fassara, kamar Tabbat Haƙiƙa, waƙar Shehu ta Fulatanci wadda ta mayar Hausa a 1831, Isa kuma ya yi mata tahamisi. Tahamisi shi ne a ƙara ɗango uku a kan kowane baiti mai ɗango biyu ya koma ƙwar biyar.

Ta fuskar harshe, zaɓin da take yi yana bin wanda ake nufi da saƙon. Larabci na malamai ne na kusa da na nesa. Fulatanci na danginta ne da jama'ar Shehu ta farko. Hausa kuwa ita ce harshen mafi yawan talakawa, don haka da ita ta fi yin waƙoƙin da ake son kowa ya haddace. Misali mai kyau shi ne Tawassuli ga Mata Masu Albarka, wadda ta gina a kan wani littafin Bello mai suna Kitabun Nasiha. Ta tsara ta da Fulatanci da Hausa. A cikinta ta jero matan Annabi da 'ya'yansa, da waliyyai mata irin su Rabi'atul Adawiyya, sannan ta sako malamai mata na ƙasarta a jeri ɗaya da su. Matar ƙauye da ta haddace wannan waƙa ta san cewa malanta ba ta tsaya ga matan Makka da Basra ba, akwai ta a garuruwan da ta sani.

Waƙoƙinta na Hausa da ajami aka rubuta su, bisa karuruwan arulin Larabci, da amsa-amo guda daga farko zuwa ƙarshe. Hausar cikinsu ta yamma ce, mai ɗauke da kamannin Sakkwatanci da kalmomin aro masu yawa daga Larabci. Takan rufe waƙa da ramzi, wato kalma ko kalmomin da idan aka haɗa lissafin haruffansu za a samu shekarar Hijira da aka yi waƙar. Wannan ne ya ba manazarta damar jera ayyukanta bisa shekaru. Ga mai nazarin tarihin harshen Hausa, waɗannan waƙoƙi shaida ce mai kwanan wata ta yadda Hausar wannan yanki take a ƙarni na 19.

6.0 Kafuwar 'Yan Taru

Bayan yaƙe-yaƙe sun lafa, daular Sakkwato ta samu kanta da ɗimbin mata a ƙauyuka da rugage waɗanda ba su san hukunce-hukuncen addini ba. Da yawa daga cikinsu sun fito ne daga ƙasashen da aka ci da yaƙi, inda bori yake da ƙarfi. A Gobir, Inna, wadda 'yar gidan sarauta ce, ita ce shugabar 'yan bori, kuma mata suna kai mata kukansu na ciwo da haihuwa da zaman aure. Faɗuwar Alƙalawa ba ta kawar da waɗannan buƙatu ba. Ga shi kuma matan aure ba su da halin barin gidajensu su tafi birni neman karatu.

A shekarun 1830 Asma'u ta samar da tsarin da ya dace da wannan hali. A kowane gari akan zaɓi dattijuwa mai hankali da riƙon amana a naɗa ta jaji. Kalmar jaji a harshen fatake tana nufin jagoran ayari. Jaji ita take jagorantar ayarin mata zuwa wurin Asma'u, kuma ayarin ya ƙunshi dattawan mata da 'yan mata da ba su yi aure ba, domin su ne al'ada ta yarda su yi tafiya. Waɗannan mata su ake kira 'Yan Taru, daga kalmar taruwa. Idan sun iso sai su zauna gabanta su ɗauki karatu, su haddace waƙoƙi, su gabatar da matsalolin da matan garinsu suka aiko su da su. Idan sun koma gida sai su bi ɗaki-ɗaki suna isar da abin da suka koyo ga waɗanda ba su samu zuwa ba.

Alamar naɗin jaji ita ce malfa da jan rawani, waɗanda Asma'u take ba ta da hannunta. Malfa kuwa tana cikin kayan da aka san Innar Gobir da su. Wato Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka riga suka sani suna girmamawa, ta ɗora ta a kan malama. Wannan dabara ce ta koyarwa da ta cancanci a lura da ita: an fara daga abin da ɗalibi ya sani aka kai shi ga wanda bai sani ba.

Manhajar 'Yan Taru ta ƙunshi tauhidi da tsarki da salla da azumi, da tarihin Annabi da na Shehu, da kyawawan halaye. Waƙa ita ce littafinsu, domin wadda ba ta iya karatu ba tana iya haddacewa, ta rera tana daka ko kaɗi. Ban da karatu, 'Yan Taru suna aikin taimakon jama'a, kamar jinyar marasa lafiya da wankan gawar mata da sasanta ma'aurata. Sukan zo da sadaka ta hatsi da zuma da man shanu da zane, Asma'u kuma ta rarraba wa mabuƙata. Darajar da take ba waɗannan mata ta fito fili a marsiyyar da ta yi wa wata jaji mai suna Hauwa'u, inda ta yabe ta kamar yadda ta yabi sarakuna da malamai.

7.0 Gidan a Matsayin Cibiya

Ko da yake tsarin 'Yan Taru na yawo ne, yana da cibiya guda da kowa ya sani. Ayari ba ya tashi sai da inda ya nufa. Ɗakin Asma'u a cikin gida shi ne wurin da ake naɗa jaji, a nan ake karɓar sabuwar waƙa daga bakin mai ita, a nan ake gyara wa mai hadda kuskurenta, a nan kuma ake ajiye asalin takardun. Da ma'aunin yau, wannan ɗaki ya haɗa aikin makarantar horar da malamai da na ɗakin karatu da na majalisar marubuta.

Kasancewar cibiyar a cikin gida, a sashen mata, yana da muhimmanci. Karatun maza a zaure ko a masallaci ake yin sa, inda kowa yake gani, shi ya sa tarihi ya riƙe sunayen wurarensa. Karatun mata a bayan katanga ake yin sa, baƙo ba ya gani. Turawan da suka zo Sakkwato a ƙarni na 19 sun rubuta abubuwa da yawa a kan fada da kasuwa da masallatai, amma kaɗan ne suka faɗa a kan harkar karatun mata. Wannan ɓoyuwa tana cikin dalilan da suka sa wasu daga baya suka ɗauka cewa ilimin mata a Arewa da zuwan boko ya fara. Gidan Asma'u da takardun da aka ajiye a cikinsa suna daga cikin hujjojin da suke rushe wannan zato.

8.0 Rasuwarta da Ɗorewar Aikinta

Nana Asma'u ta rasu a 1864 tana da kimanin shekara 71. An binne ta a Hubbare kusa da mahaifinta. Ƙanwarta Maryam, wadda ta auri Sarkin Kano Ibrahim Dabo ta kuma dawo gida bayan rasuwarsa, ita ta karɓi jagorancin 'Yan Taru. Tsarin ya wuce zamanin Maryam, ya kuma tsallake zuwan Turawan mulkin mallaka, waɗanda suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Mata sun ci gaba da zuwa ziyara Hubbare da kabarin Bello a Wurno, suna rera waƙoƙin Asma'u.

Takardunta kuwa zuriyarta ne suka adana su a gida, a cikin gafaka. Waziri Junaidu (1906-1997), ɗan Waziri Buhari, ɗan Ahmadu, ɗan Giɗaɗo da Asma'u, shi ne ya buɗe wa manazarta wannan taska. A shekarun 1970 ya ba Jean Boyd, wata malamar makaranta 'yar Ingila da ta daɗe a Sakkwato, damar nazarin takardun. Boyd ta wallafa tarihin Asma'u da Turanci a 1989. A 1997 kuma ita da Beverly Mack ta Amurka suka fitar da kundin ayyukanta tare da fassara. Sanadiyyar haka sunan Asma'u ya shiga manhajojin jami'o'in duniya, har wasu mata Musulmi a birnin Pittsburgh na Amurka suka kafa ƙungiya da sunan 'Yan Taru. A Nijeriya makarantu da ɗakunan kwanan ɗalibai mata da yawa suna ɗauke da sunanta.

Abin lura a nan shi ne duk wannan shahara ta rataya ne a kan abu ɗaya: wani gida ya riƙe takardu fiye da shekara 100 bai bari gara ko ruwa ko wuta sun ci su ba. Da gafakar ta salwanta, da abin da ya rage na Asma'u shi ne 'yan waƙoƙin da ke bakin tsofaffi.

9.0 Matsalar Kiyaye Gine-ginen Tarihi

Gine-ginen Sakkwato na ƙarni na 19 na ƙasa ne. Da tubali da laka ake tayar da bango, a yi rufi da azarar giginya, a shafe da makuba ko laso don kare ruwa. Irin wannan gini yana iya shekaru ɗaruruwa, amma da sharaɗi guda: a riƙa yi masa yaɓe da gyaran indararo kafin kowace damina. Idan aka yi sakaci na 'yan shekaru, ruwa zai ci gindin bango, gara ta ci azara, soro ya rufta. Degel da Alƙalawa sun zama kufai bayan mutanensu sun watse. Ganuwar Sakkwato mafi yawanta ta tafi, sai sunayen ƙofofi irin su Ƙofar Rini da Ƙofar Kware da Ƙofar Taramniya da Ƙofar Atiku suka saura a bakin jama'a.

Bayan sakaci akwai haɗari na biyu, wato gyaran da yake shafe asali. Sau da yawa ƙauna ce take sa a rushe tsohon gini a maye gurbinsa da na siminti, da nufin girmama mai shi. Manyan masallatan Sakkwato na Shehu da na Bello an sake gina su da kayan zamani a ƙarni na 20. A Zariya kuwa, masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, an kewaye wani sashensa da sabon gini aka bar bakan-gizonsa na asali a ciki. Gidan Makama a Kano an mayar da shi gidan tarihi, Hasumiyar Gobarau a Katsina kuma tana tsaye. A garin Jenne na ƙasar Mali mutanen gari ne suke fitowa kowace shekara su yaɓe babban masallacinsu na laka. Waɗannan misalai sun nuna cewa ginin ƙasa yana rayuwa idan akwai masu amfani da shi da masu kula da shi.

Takardu ma suna da nasu haɗarin. A 2013 an ƙona dubban rubuce-rubucen hannu a Cibiyar Ahmad Baba da ke Tumbuktu, da yawa daga cikin waɗanda suka tsira kuwa an riga an kwashe su zuwa Bamako. A Nijeriya akwai Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979. A Sakkwato akwai Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, a Kaduna kuma akwai Gidan Arewa, dukansu suna adana tsofaffin takardu. Sai dai wuraren da suka fi samun kulawa a ko'ina su ne fadoji da ganuwa da masallatai da filayen yaƙi. Ɗakin da mata suka yi karatu a cikinsa ba shi da hasumiya ko ado da zai ja ido, don haka shi ya fi saurin faɗuwa ba a lura ba.

Kiyaye wurin da ya shafi Nana Asma'u da 'Yan Taru yana buƙatar abubuwa huɗu. Na ɗaya, mutunta iyalan da suke zaune a wurin, domin gida ne na mutane kafin ya zama wurin tarihi, kuma su ne suka riƙe amanar tun farko. Na biyu, yin gyara da kayan gini na asali da hannun magina na gargajiya, tare da auna ginin da ɗaukar hotonsa kafin a taɓa shi. Na uku, ɗaukar hoton takardun a adana a kwamfuta a wurare fiye da ɗaya. Na huɗu, wanda ya fi sauran, ci gaba da aikin da aka san wurin da shi, wato karatun mata da rera waƙoƙin. Ginin da aka kulle aka bar wa jemagu ba ya daɗewa, ko da an kafa masa allon sanarwa a ƙofa.

10.0 Darasi ga Malamin Hausa

Ɗalibin da yake shirin zama malami yana da abin koyi a rayuwar Nana Asma'u ta fuskoki da dama. Ta koyar da mutane da harshen da suke ji. Ta zaɓi waƙa saboda ta dace da halin ɗalibanta. Ta horar da malamai waɗanda za su kai karatu inda ita ba za ta iya zuwa ba, wanda shi ne ainihin aikin kwalejin ilimi. Ta kuma rubuta abin da ta koyar, ta sa masa shekara, ta ajiye.

Haka kuma malamin Hausa yana cikin waɗanda suka fi kowa damar taimakawa wajen kiyaye irin wannan gado. Kusan kowane tsohon gari a ƙasar Hausa yana da gidan wata modibbo ko malama da mata suke zuwa ɗaukar karatu. Malami yana iya sa ɗalibansa su gano irin wannan gida a garinsu, su nemi izinin masu shi, su rubuta tarihinsa daga bakin tsofaffi, su naɗi waƙoƙin da ake rerawa da muryoyinsu na asali, su kuma koyi karanta ajami don su iya duba abin da yake cikin gafakar kakanninsu. Karin murya da ake rera waƙa da shi ba ya cikin takarda, yana bakin mai rerawa ne, kuma yana tafiya tare da ita idan ba a naɗa ba.

11.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda Nana Asma'u ta tashi a gidan ilimi a Degel, ta sha wahalar hijira tana yarinya, ta zauna a gidan Waziri Giɗaɗo a Sakkwato, ta rubuta ayyuka fiye da 60 cikin harsuna uku, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru wanda ya rayu bayanta. An ga cewa gidanta shi ne cibiyar wannan tsari, kuma adana takardunta da zuriyarta suka yi shi ne ya sa duniya ta san ta. An kuma nuna cewa ginin ƙasa da takarda da waƙar baka duk suna buƙatar mai kula da su a kowane zamani, in ba haka ba su salwanta. Allah ya jiƙan Nana Asma'u, ya saka mata da alheri.

Tambayoyin Bita

1. Kawo taƙaitaccen tarihin Nana Asma'u daga haihuwarta zuwa zamanta a Sakkwato.

2. Karkasa rubuce-rubucenta zuwa rukunai, tare da misali ɗaya a kowane rukuni.

3. Mece ce ma'anar jaji, kuma mene ne aikinta a tsarin 'Yan Taru?

4. Yi bayanin ramzi da tahamisi, ka nuna amfaninsu ga mai nazarin rubutacciyar waƙa.

5. Waɗanne haɗurra ne suke fuskantar gine-ginen tarihi na ƙasa, kuma ta yaya za a magance su?

6. Nemi wani gida a garinku da aka san shi da karantar da mata, ka rubuta tarihinsa cikin shafi biyu.